Hattara da masu tallar CDI "orijina" a Facebook da WhatsApp

Salam jama'a, musamman masu tsofaffin mashina irin su Jincheng da CG125 da suka daɗe a hannu, don Allah ku tsaya ku karanta. Akwai wasu da suka fito da sabuwar hanyar cin kuɗin mutane da CDI, wannan ɗan baƙin akwatin da ke ba fulogi wuta. Za ka ga sun ɗora hoton kwali sabo fil, suna cewa orijina ne kai tsaye daga kamfani, wai yana shiga kowane mashin, yana ƙara gudu kuma yana rage shan mai, ka yi turansfa kawai su ba direba a tasha ya kawo maka.

To wallahi abin da ke zuwa daban. Tsohon CDI ne da aka ciro daga mataccen mashin, an wanke an goge shi da ɗan mai ya yi ƙyalli an manna sabuwar sitika, ko kuma jabu mara nauyi wanda zai tayar da mashin yau, injin na ɗaukar zafi ya ɗauke wuta a tsakiyar titi. Abin da ya ba su dama shi ne CDI a rufe yake ruf, an zuba masa baƙar roba ta daskare a ciki, ba ka da yadda za ka buɗe ka gani. Ka kira ka yi ƙorafi su ce ai kayan wuta ba a dawowa da su, bakanikenka ne ya ƙona, ka ƙara magana su yi bulokin ɗinka. Mutumin da da mashin ɗin nan yake ciyar da gidansa, kuɗi sun tafi, mashin na jingine.

Maganar "yana shiga kowane mashin" ita ce ta fi ɓata min rai, don ƙarya ce tsagwaronta. CDI iri biyu ne. Akwai AC, wanda ke samun wutarsa daga kwayil ɗin magneto, shi ya sa irin waɗannan mashinan ko babu batir ka buga kik za su tashi. Akwai DC kuma mai jan wuta daga batir 12V. Sau da yawa soket ɗinsu kama ɗaya, zai shige daidai kamar nasa ne, amma aikin wayoyin ba ɗaya ba, ka sa wanda ba shi ba ko dai ka rasa wuta gaba ɗaya ko ka ƙona shi nan take, shi kuma mai sayarwa ya samu abin fakewa. Duk wanda bai tambaye ka samfurin mashin ɗinka da yawan fin ɗin soket ba ya ce turo kuɗi, ba taimakonka ya zo yi ba.

Sannan ba kullum CDI ne ke mutuwa ba fa. A fara cire fulogi a jingina shi jikin inji a buga kik a ga ko akwai tartsatsi, a duba hular fulogi, kwayil ɗin wuta, wayar as (wato earth, wadda ake ɗaurewa a jikin bodi) ko ta yi tsatsa ko ta saki, da makunnin ki, don in wayar kashewa ta goge tana taɓa bodi mashin ba zai taɓa tashi ba ko CDI goma ka canza. Tsohon mashin wayoyinsa sun sha rana da ruwa, matsalar na yawan kasancewa nan.

In an tabbatar CDI ɗin ne ya mutu, ka ciro tsohon ka je da shi shago ido da ido, a haɗa su a gani, in da hali ka tura mashin ɗin ko ka je da bakanikenka a jona a gabanka, a bar shi ya yi zafi sosai kafin ka biya. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan canji tun kafin kuɗi su bar hannunka. Kuma ka karɓi tsohon naka ka tafi da shi gida, kar ka bari a gareji, irinsu ake tattarawa a wanke a sake sayar wa wani.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya goge hirar da alat ɗin, ya kai wa bankinsa ƙorafi da wuri, ya kuma yi rifot ɗin shafin.