Jirgin Jeanie Johnston ko gidan Strokestown?

'Yar uwa, kin ce kwana biyu kacal za ki yi a Ayalan, kina so ki ga baje kolin babbar yunwar da ta afka wa ƙasar daga 1845 zuwa 1852, kuma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin Jeanie Johnston, jirgin ruwan masu ƙaura da ke Dublin, da gidan tarihin Strokestown. Yunwar dai ta fara ne da cutar da ta ruɓar da dankalin turawa, abincin talakansu. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura.

Jirgin ya fi sauƙi. Yana nan a bakin kogin Liffey, cikin gari, awa guda ta ishe ki. Za a sauka da ke ƙasan jirgi ki ga gadajen katako inda iyali guda ke cunkushe, ga mutum-mutumi zaune kamar suna jiran tsammani. Sai dai kwafi ne, kuma na jirgin da ya yi sa'a: na ainihin ya yi tafiya 16 zuwa Amurka ta Arewa ba a rasa ran fasinja ko ɗaya ba, alhali wasu jiragen lokacin har laƙabin makara aka yi musu.

Strokestown kuwa sai kin ware yini, tafiyar kamar awa biyu ce daga Dublin zuwa gundumar Roscommon inda yake. Amma ni can zan tura ki. Gidan mai filayen haya ne, Manjo Denis Mahon, wanda a 1847 ya tattara talakawansa 1,490 aka tasa ƙeyarsu a ƙafa, kilomita 165, har Dublin, daga nan a jirgin ruwa zuwa Liverpool, sai Kanada. Ɗaruruwansu ba su kai ba. A watan Nuwamban shekarar aka harbe shi. Abin da ke tsayar da mutum a wurin takardu ne: littattafan haya, sunayen waɗanda aka kora, da koken mutanen Cloonahee, wani ƙauye a yankin, na 1846 suna roƙon aiki don 'ya'yansu na kwana da yunwa. Ki gama karanta wannan, ki shiga ɗakin cin abincin mai gidan ki ga teburinsa. A nan za ki gane ba dankali kaɗai ya kashe su ba.

In da yara ƙanana tare da ke, to ku hau jirgin, su ba ruwansu da tsofaffin takardu.