Jirginka na fizga hagu a ƙasa: tayar gaba ce ko ta baya?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ƙaramin jirgin da ka haɗa da hannunka yana fizga hagu idan kana tafiya da shi a ƙasa, kana so ka san ko ka kwance ƙafar gaba ka sake saita ta. Kada ka ɗora sifana a kanta tukuna. Ƙafar gaba iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Akwai mai sitiyari, irin ta jiragen Zenith CH 701 da CH 750. Sanduna biyu ne suka haɗa ta da fedar ƙafa, inda ka taka nan take bi, kamar tayar gaban Keke Napep. Akwai kuma sakakkiya, irin ta jiragen Van's RV-6A da RV-7A, wadda ba abin da ya haɗa ta da feda, bin jirgi kawai take yi kamar ƙananan tayoyin keken asibiti, da birkin hagu da na dama ake juya jirgin. Air Beetle ɗin da aka haɗa wa sojojin samanmu a Kaduna daga RV-6A ya samo asali, shi ma haka tasa take.

In mai sitiyari ce taka, zarginka na iya zama daidai. Samu daɓe mai laushi wanda bai karkace ba. Saki igiya mai nauyi a baki, irin ta magina, daga tsakiyar hancin jirgi da tsakiyar wutsiya, ka ɗiga alama, ka ja layi da alli. Daidaita fedoji biyu, allon wutsiya, wato wanda fedojin ke juyawa hagu da dama, ya tsaya cak a tsakiya, sannan ka tsuguna ka dubi tayar. In ta kauce wa layin alli, sanda ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Juya kan sandar rabi-rabi, kana aunawa, ka tabbata bakin zaren bai kusa ƙarewa ba kafin ka ɗaure noti.

Sakakkiya kuwa ba ta da ra'ayin kanta, shi ya sa nake jin takaici idan na ga an wuni ana fama da ita. Mai laifin yakan kasance a baya. Fara da iskar tayoyin baya biyu, ka auna da asuba kafin rana ta buɗe, don a zafin Sakkwato na watan Afrilu tayar da ke cikin rana da wadda ke inuwar fiffike ba za su ba ka lamba ɗaya ba. Sai birki. Yi 'yar tafiya ba ka taka shi ba, ka kashe inji, ka kai bayan hannu kusa da faifan kowane gefe. Wanda ya fi ɗumi shi ke riƙewa, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da giris takan hana shi sakewa. In waɗannan lafiya lau, auna ko tayoyin bayan suna kallon gaba sosai da wannan layin allin.

Ciwon da ke na sakakkiyar tayar gaban ita kanta shi ne karkarwa wajen sauka, ko ta ƙage a gefe ɗaya. Duka biyun daga babban notin ƙasa ne da washoshin nan masu kama da faranti. Ɗaga gaban jirgi, ka maƙala sikelin rataye a gatarin taya, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, ka ja gefe. A RV-7A ana so ta fara motsi a wajen kilo 10. Kasa haka, karkarwa. Wuce haka sosai, ta ƙi komawa tsakiya. Bi lambar da ke takardun naka jirgin.

Abu ɗaya da ya shafi duka biyun: idan sai ka ƙara wuta yake fizgar, farfela ce ke aikinta, yawancin injinan nan hagu suke jan hanci. Iskar gefe ma takan juya shi ya fuskance ta. Gwada tafiya ka dawo a layi ɗaya da sassafe, wuta ƙasa-ƙasa. In ya ja hagu a zuwa, ya ja dama a dawowa, iska ce.

Faɗa mini wace iri ce taka, da ko ya taɓa dira da ƙarfi a kan hanci. In ya taɓa, ƙarfen ƙafar na iya lanƙwashewa, kuma wannan ba a tashi da shi sai injiniya mai lasisi ya gani da idonsa.