Wasan ƙirƙira ko kwaikwayon sananne: wanne ya dace da shirin dare?

Masu shirya barkwancin dare a talabijin suna yawan tambaya: a ƙirƙiri gajeren wasa ne, ko a kwaikwayi wani sananne?

Kwaikwayo ya fi cin kuɗi. Akwai gashin kanti, tufafi da mai kwalliya, kuma sai ɗan wasa ya yi kwanaki yana bitar murya da tafiyar mutumin. Wasan ƙirƙira kuwa, tebur ɗaya da 'yan wasa biyu sun wadatar.

Wajen rubutu ne lamarin ke juyawa. Mai kallo ya riga ya san wanda ake kwaikwaya, dariya na zuwa tun daga fitowa. Wasan ƙirƙira dole ya nuna wuri, mutane da abin da ya karkace cikin rabin minti, ya zafafa shi kamar sau uku, ya rufe kafin minti biyar. Rufewar nan ce ke kayar da marubuta da yawa.

Kwaikwayo na iya jawo ƙarar ɓata suna, kuma yana tsufa tare da labarin da ya haife shi.

Shirin da ke bin labaran yau, mai lauya a kusa, kwaikwayo ya fi masa. Mai ƙaramin jari da ke son a maimaita wasansa bayan shekaru, ya riƙe ƙirƙira.