Farantin sola mai wat 550 a Zongo Lane: kayan na da kyau, haɗin ne da gyara

Jama'ar unguwannin Nima da Mamobi na Accra da dumsor (yawan ɗauke wuta) ya ishe su sun koma sola, kuma wani shagon Alhaji da ke Zongo Lane na cikin masu ciniki sosai. Farantinsa mai wat 550 na silikon ne, mai rabin-ƙwaya 144 (ƙananan sassan da ke mai da haske lantarki). A ɗora mitar auna wuta da tsakar rana kafin a haɗa shi da komai, ya kamata a ga bolt 45 zuwa 49. Na shagon yana kaiwa, gilashinsa da firam ɗinsa kuma ba su da kushe.

Inda matsala take shi ne kwantirolar cajin batir da yaran shago ke haɗa wa mutum. Irin da ake kira PWM ce, mai sauƙin kuɗi. Tana janyo farantin ƙasa zuwa ƙarfin batir: a batir mai bolt 24, wajen bolt 28 sau amfiya 13 da rabi, wat 380 ke nan. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a banza. A nemi kwantirola irin MPPT, wadda ba ta yin wannan asara, ko da za a ƙara sidi. Wayarsu ma siririya ce, tana ɗumi. A sa mai kaurin murabba'in milimita 6, da mahaɗin MC4 da aka matse da kyau, don sako-sako shi ke narkar da roba.

Akwai maganar da ake yi wa masu saye, wai farantin "feroilektirik" na tafe da zai ninka wuta, har wasu suna jinkirta saye. Ilimin gaskiya ne. Ma'adinai irin su bariyum taitanet da litiyum nayobet suna da karkatar caji a cikin jikinsu, haske na tura lantarki gefe guda ba sai an haɗa sashe biyu kamar na silikon ba, kuma bolt ɗinsu kan zarce na ƙwayar silikon, mai wajen 0.7, nesa ba kusa ba. Amma amfiyarsu 'yar mitsitsiya ce, don yawancin hasken rana ratsa su yake yi ba su sha ba. Har yau a ɗakin bincike suke, kada a jira su.

Wajen kafawa, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin faranti da kwanon rufi, domin zafi na rage wuta kusan kashi 12 cikin ɗari idan farantin ya kai digiri 60. A ɗan karkata shi kamar digiri 10 don ruwan sama ya wanke shi, da hunturu kuma a goge ƙura da sassafe duk mako.