Injin yankan itace: na fetur ko na batir? Amsa ga Yayana a Jos

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da Hajiya da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, inda ka ce in duba maka injin yankan itace a nan Amurka in aiko da shi kafin iskar farkon damina, saboda rassan mangwaron da suka sauko kan kwanon ɗakin Hajiya da bishiyoyin turaren nan biyu na bayan gida. Ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambaya ba, abokai daga Rikkos da Bukuru ma sun yi, shi ya sa na rubuta amsar a fili don kowa ya gani.

Bari in fara da dalilin da ya sa kusan duk mai gida a unguwarmu ta Kolombos, jihar Ohayo, yake da wannan inji a garejinsa, domin daga nan maganar take farawa. A nan aikin hannu tsada gare shi. Bishiyar da ke cikin filinka nauyinka ce, in ta faɗi kai za ka kwashe. In ka kira kamfanin masu sare bishiya, za su zo da motar ƙugiya da injin niƙe rassa da takardar inshora, kuma kuɗin bishiya guda yakan kai ɗaruruwan daloli, babba kuwa ta haura dubu. Ga shi wani ƙwaro da ya shigo daga Asiya, wanda aka fara gani a jihar Mishigan a 2002, ya kashe miliyoyin wata bishiya da ta cika unguwannin wannan yanki, busassun suna ta zubowa duk lokacin da aka yi iska. Mutum ya lissafa, ya ga inji na dala 200 ko 300 ya fi masa sauƙi. To ka ga, Ba'amurke yana sayen inji ne don ba zai iya biyan mutum ba. Kai kuwa da ka shiga Kasuwar Katako da safe, kafin azahar ka samu mai inji, ku yi ciniki, wani lokaci ma ya karɓi wani kaso na itacen a madadin rabin kuɗinsa. Wannan wata ni'ima ce da ba mu da ita a nan, kuma ina so ka riƙe ta a ranka yayin da kake karanta sauran.

Iri uku ake sayarwa: na fetur, na waya da ake jonawa a soket, da na batir.

Na wayar ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Shi ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, amma yana jan wuta kusan wat 1,800, ƙaramin janareton nan na gida da bai kai wat 1,000 ba ba zai tada shi ba. In an ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, shi ke nan, reshe ya tsaya a rataye. Ga doguwar waya tana binka cikin ganye, kusa da haƙoran sarƙa. Cire shi daga lissafi.

Na fetur shi ne wanda ka sani, irin wanda masu yankan katako suke saɓawa a kafaɗa. Abin da suka fi riƙewa a gida shi ne Stihl 070 ko kwaikwayonsa na Sin, inji mai girman fiye da cc 100, nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Wancan na masu sana'a ne. Na gida a nan ƙanana ne, kamar Stihl MS 170 mai cc 30, ko takwarorinsa na Husqvarna da Echo, da tsawon baki, wato wannan ƙarfen sarƙa, inci 14 zuwa 16. Ƙarfi kam akwai, kuma muddin akwai mai a galan ba ruwanka da jiran caji. Kamfanin Stihl na Jamus ne, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne injinsa na farko na lantarki ne, na fetur sai a 1929 ya biyo baya.

Matsalar na fetur ɗaya ce babba ga mutum irinka, kuma ita ce ta sa maƙwabtana suke ta rabuwa da shi: ba ya son zama. Injinsa irin na ƙaramin janareto ne, wanda ake haɗa fetur da mai na musamman a tanki guda. Manyan kamfanoni suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Da yawa daga cikin na Sin sun fi son a ninka man. In ka rage, fistin ya ƙone. In ka yi yawa, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Sannan wannan haɗin ba ya daɗewa, wata guda zuwa biyu ya fara lalacewa. Mai sana'a da yake kunna injinsa kullum ba ya ganin wannan matsala. Mai gida da zai yi yanka yau, ya rataye inji har wata takwas, shi ne zai dawo ya tarar fetur ya bushe ya bar ƙullutu a cikin kafireta, ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. A nan abin ya fi muni, domin galibin fetur ɗin gidajen mai ana gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin da ake tatsa daga masara, wanda yake jan danshi kuma yake cin robar kafireta. Har gwangwanin haɗaɗɗen mai ake sayarwa a shaguna don masu amfani jefi-jefi, yana shekaru bai lalace ba, amma kuɗin lita guda ya ninka na gidan mai sau da yawa.

Akwai kuma abin da ya shafi Jos kai tsaye. Garinmu yana bisa tudu wajen mita 1,200, iska ta fi ta Legas sirantaka, saboda haka injin da aka saita a ƙasa-ƙasa yana rasa wani abu na ƙarfinsa in ya hau Filato, kuma yana shan mai fiye da kima sai an gyara masa saitin kafireta. Da sanyin asubar Disamba ma sai ya yi gardamar tashi. Na lantarki babu ruwansa da tsayin gari.

Amma dole in faɗi alherin na fetur a gida, domin a nan ne Jos ta fi Kolombos. Duk makanikin janareto a Farin Gada ko bakin titin Bauchi zai iya kwance kafiretar wannan inji ya wanke ta kana tsaye, da kuɗi kaɗan. A nan kuwa, in ka kai ƙaramin inji gyara, sai a ba ka takarda a ce ka dawo bayan sati biyu, kuma ladan awa guda na makaniki yakan kai rabin kuɗin sabo. Da idona na ga injuna masu sauran rai an ajiye a bakin titi ranar kwasar shara saboda kafireta kawai. Raina yana ɓaci duk lokacin da na gani, don na san abin da yaran Farin Gada za su yi da su.

Na batir shi ne ya mamaye shagunan nan yanzu. Ka shiga Home Depot ko Lowe's, za ka ga layi guda na Ryobi, EGO, DeWalt, Makita, Greenworks. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2021 da ta fara hana sayar da sababbin ƙananan injunan lambu masu fetur daga 2024. Sa batir, danna makunni, ya tashi. Ka sake shi, ya tsaya cak. Babu hayaƙi, ƙararsa ba ta kai ta na fetur ba, wanda yake wuce ma'aunin ƙara 100 alhali kunne yana fara cutuwa daga 85. Ka ajiye shi wata shida, ka ɗauko, yana nan yadda ka bar shi. Shi nake da shi, kuma ga rassa masu kaurin cinya zuwa ƙasa ban taɓa jin ya gaza ba. Caji ɗaya yana isa a gyara bishiya guda a daddatsa rassanta. Iyakarsa ita ce babban gungume: zai shiga, amma batir zai yi zafi ya ƙare da wuri.

Sai dai Yaya, ba zan saya maka shi a nan ba, kuma ina so ka fahimci dalili don kada ka ɗauka ƙyashi ne. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Cajar da aka yi don kasuwar nan, da yawansu in ka soka a soket ɗin Jos nan take za su ƙone, sai ka nemi taransifoma mai rage wuta. Na biyu, dokar jirgin sama. Batirin litiyam da aka cire daga jikin inji ba ya shiga jakar da ake aunawa, sai ta hannu, kuma wanda ya wuce wat-awa 100, wato ma'aunin wutar da batir yake ɗauka, sai kamfanin jirgi ya yarda, wanda ya wuce 160 kuwa ba a ɗauka ko kaɗan. Batirin EGO mai bolt 56 da amfiya-awa 5 wat-awa 280 ne, ba shi da hanyar shiga jirgin fasinja. Na uku shi ne garanti. A nan kamfani yakan ba ka shekara uku zuwa biyar, in batir ya mutu ka kira waya a aiko maka da wani har ƙofar gida. Wannan alkawari yana ƙarewa ne a bakin teku. Batir kuwa shi ne rabin kuɗin injin, kuma kowane kamfani da nasa bakin, na wannan ba ya shiga na wancan. Ranar da ya mutu a Jos, in babu irinsa a kasuwa, injin ya zama ƙarfen banza.

Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu. Turaren nan kada ka taɓa su da hannunka. Irinsu ne aka yi ta dasawa a Filato a kan filayen da haƙar kuza ta lalata, suna tashi da sauri, suna tsayi fiye da yadda ido yake aunawa daga ƙasa, kuma namu suna tsakanin katangar maƙwabci da wayar wuta. Kayar da doguwar bishiya ilimi ne: sanin inda ta karkata, inda za a fara tsaga, inda za a ɗaura igiya. Nemi wanda ya shekara yana yi, ka tambayi ofishin gandun daji ko ana buƙatar izini, ka kuma sa a daddatsa itacen tun yana ɗanye, don turare in ya bushe taurinsa yana cinye haƙoran sarƙa.

Mangwaro da gwaiba da itacen girki kuwa, tunda ka sa sola da inbata a gida bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙaramin na batir ya dace da kai. Caja ba ta jan wuta mai yawa, da rana tsaka ka cika shi ba tare da sayen ko lita ɗaya ba. Ka saya a Najeriya, a wurin dillalin da yake sayar da batirin daban, da caja mai bolt 230. Ka fi ba da ƙarfi ga kamfanin da batirinsa yake shiga injin huda bango da sauran kayan kafintoci, irin Makita mai bolt 18, domin abin da masu sana'a suke amfani da shi ba ya ɓacewa a kasuwa. Ka bincika sosai, jabu ya yi yawa, har sitika da launi ake kwaikwaya. In da babu sola a gidan, da na ce ka haƙura da sayen komai, ka riƙa kiran mai inji sau ɗaya a shekara.

In ka saya, ga abin da nake roƙonka da shi. Na batir ma yana da ƙaramin tanki na man sarƙa, ka riƙa duba shi, kuma kada ka zuba baƙin man da aka juye daga mota ko da wani ya ce haka ake yi. Sayi magagari mai daidai girman haƙoran ka koyi wasa su, domin dakusasshiyar sarƙa ita ke cinye batir ta kuma sa mutum dannawa da ƙarfi. Kada bakin ya taɓa ƙasa, ƙasarmu duwatsu ce. Duba jikin mangwaron da kyau, shekara da shekaru ana kafa masa ƙusa don igiyar shanya, kuma ɓawo ya rufe wasu. Batir a ajiye shi a inuwa da rabin caji, kada a bar shi cikin mota da rana.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun injin. Na fetur ƙararsa kaɗai tana sa mutum ya nutsu, yara su gudu. Na batir yana kwance shiru alhali a shirye yake, yaro ya danna ya tashi. Cire batir duk lokacin da ka ajiye shi, ko na minti biyu ne, ka kulle a wani wuri daban. Riƙe shi da hannu biyu kullum. Kada ka yi yanka da ƙarshen bakin, musamman ta sama, domin nan ne yake harbi kamar jaki, ya dawo wajen fuska kafin ka ƙifta ido. Ka tabbata yana da birkin sarƙa a gaban hannun hagu. Kada ka hau tsani da shi, kada ka ɗaga shi sama da kafaɗa, kada ka yi aiki da babbar riga ko silifas, kuma kada ka yi kai kaɗai a gida.

Abin da zan aiko maka ta hannun wanda zai taho bayan sallah shi ne kayan da babu ruwansu da bolt: hular kwano mai ragar fuska da marufin kunne, safar hannu, magagari, da wandon kariya mai zare a ciki wanda yake cushe sarƙa ya tsayar da ita in ta taɓa ƙafa. Ka auna mini tsawonka daga ƙugu zuwa idon sawu, ka ɗauko hoton takardar da ke jikin inbatar, sannan ka zagaya reshen mangwaro mafi kauri da igiya ka faɗa mini tsawonta, don in san inci nawa za ka nema.

A gaida Hajiya ƙwarai, a ce mata kada ta bari kowa ya kwana a ɗakin nan in hadari ya haɗu har sai an sauke rassan. Wassalam, ƙaninka.