Matsakaici ko lambar tsakiya: wanne ya dace da tambayar kuɗin tara?

Malama, kin ce ɗalibanki na aji ɗaya na babbar sakandare sun tattara bayanin kuɗin tara da kowa ke zuwa da shi makaranta, kuma kina son sanin wanne ya fi dacewa su yi amfani da shi, matsakaici ko lambar tsakiya, domin amsa tambayar nawa ɗalibi ke zuwa da shi a rana. Ni dai a wannan tambaya lambar tsakiya zan ba su, amma sai sun fara lissafa duka biyun sun ga inda suka rabu.

A ce yara 9 ne, kuɗinsu kuma a jere daga ƙarami zuwa babba shi ne naira 100, 100, 150, 200, 200, 200, 250, 300 da 3,000. Matsakaici shi ne a tara duka a raba da yawan yaran, wato 4,500 a raba gida 9, ya ba da naira 500. Lambar tsakiya kuwa ita ce ta mutum na 5 a jerin, naira 200. Yanzu ki dubi 500 ɗin nan da kyau: yara 8 cikin 9 ba su kai ta ba, na kusa da ita ma 300 gare shi, kuma yaro guda ne ya ja lissafin sama, wanda mai yiwuwa ma kuɗin littafi aka haɗa masa a ranar. Da 30,000 ya zo da ita, da matsakaicin ya haura zuwa 3,500, alhali lambar tsakiya tana nan daram a 200, domin matsayin kowace lamba a jeri take dubawa, ba girmanta ba.

Wannan dalili ne ya sa Francis Galton, wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya zaɓi lambar tsakiya a kan abin da ya gani a baje kolin dabbobi na Plymouth da ke Ingila a 1906, inda jama'a suka yi gasar cankar nauyin da wani sa zai yi bayan an yanka shi an gyara. Ya jera canke 787, ya ɗauki na tsakiya, laba 1,207, ainihin nauyin kuma ya kasance laba 1,198. Hujjarsa ita ce mutum ɗaya mai cankar da ta wuce hankali bai kamata ya fi sauran tasiri ba. Abin sha'awa shi ne matsakaicin cankar ya fito laba 1,197, wato ya ma fi kusa da gaskiya, saboda haka kada yaran su ɗauka cewa ɗayan ne daidai a koyaushe.

Matsakaici yana da wani aiki da lambar tsakiya ba ta iya yi, shi ne ya mayar da mutum ga jimla. Idan tambayar ta koma nawa ajin zai tara in kowa ya zuba kuɗin tararsa a asusu ɗaya, to 500 sau 9 ita ce ke ba da 4,500 daidai, yayin da 200 sau 9 za ta tsaya a 1,800. Haka kuma idan kina da matsakaicin azuzuwa biyu da yawan ɗaliban kowanne, kina iya fitar da na haɗakarsu ba tare da komawa ga takardun ba, abin da ba ya yiwuwa da lambar tsakiya. Makin jarrabawa ma ya fi karɓar matsakaici, tunda ba ya wuce 100, sai dai a kula da sifirin wanda bai zauna jarrabawar ba, domin shi ma yana jan aji ƙasa.

Ta fuskar wahalar aiki, matsakaici tarawa da rabawa ne kawai, lambar tsakiya kuwa sai an jera, kuma a nan ne yara suka fi yin kuskure, su ɗauki ta tsakiyar takarda ba tare da sun jera ba. Idan yawansu cika ne, kamar 40, sai a haɗa na 20 da na 21 a raba biyu. Tunda duka biyun suna fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, ki sa su cire mai 3,000 ɗin su sake lissafi da yara 8: matsakaicin zai faɗo zuwa naira 187 da kobo 50, lambar tsakiya kuma ba za ta motsa daga 200 ba.