Na'urar auna danshin hatsi bayan kaka biyu a hannuna

Shekara da shekaru haƙorina ne ma'aunina. In ɗauki ƙwayar masara in ciza, in ta ce ƙaras sai in ce a ɗura a buhu. Shekara biyu da suka wuce haƙorin ya ci amanata. Na kwance buhu shida bayan wata uku, na tarar wani gari kore-kore ya lulluɓe ƙwayoyin tsakiya, ga wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Dalilin da ya sa na sayi wannan 'yar na'ura ke nan.

Ba ta da wuyar sha'ani. Kofi ne a samanta mai murfi, ka zuba hatsi, ka murɗa murfin har ya matse, ka zaɓi irin amfanin, ka danna. Kafin ka gyara tsayuwa lamba ta fito. Masara ana so danshinta ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen 7 ko 8. Ranar farko na gwada masarar da zan iya rantsuwa ta bushe, sai ga 16. Kunya ta kama ni ni kaɗai. Na sake baza ta kwana uku.

Wani zai ce duk wannan wahala don ɗan funfuna? Ai ba funfunar ce abin tsoro ba, dafin da take bari ne. Wadda ake kira Aspergillus flavus tana son ɗumi da laima, ita ke fitar da gubar aflatoksin. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali har ta kai ga sankara, balle ga mai cutar hanta nau'in B. In ka ba saniya ruɓaɓɓen hatsin, sai ta biyo ta cikin nono ta dawo maka. A 1960 aka gano ta, bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 kuma masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya.

To, ga inda na'urar ke ba ni haushi. In ka ɗebo hatsi da zafinsa daga rana ka auna, sai ta yi maka daɗin baki, ta nuna ya bushe alhali bayan ƙwayar ne kawai ya ƙeƙashe. Sai da na koyi rufe shi a gwangwani ya huce tukuna. Awo ɗaya kuma ba ya isa, bakin buhu da gindinsa sukan saɓa, don haka sau uku nake ɗiba. Batir ma in ya yi sanyi lambobin sai su riƙa tsalle, kuma takardar bayanin ba ta ce uffan a kan haka ba.

Babban abin dai, ruwa take gani, ba ta ganin guba. Masarar da fari ya wahalar ko tsutsa ta huda tana iya ɗauko funfunar tun daga gona, ta bushe ƙayau, na'ura ta nuna 12, gubar na nan daram. Wannan sai gwajin aflatoksin ɗin kansa. Saboda haka har yanzu nakan zauna da faranti in tsince motsattsun ƙwayoyi da waɗanda cikinsu ya yi baƙi, in binne su, ko kaji ba na ba. Buhunan kuma a kan katako nake jerawa, nesa da bango.

Bana buhu tara na ajiye, na kwance ɗaya makon jiya na tura hannu har gwiwar hannu. Ƙwayoyin suka zubo suna ƙara, babu wari.